Gidan haya da kuɗin fansho a Amurka: abin da ya faru da wani bawan Allah a Ohio, 2020 zuwa 2024

## Asalin lamarin

Wannan bawan Allah ɗan Kano ne, haihuwar 1970, ya shiga Amurka a 2003 ta lotirin biza, lokacin ba a cire 'yan Najeriya daga tsarin ba tukuna. A Columbus yake zaune, babban birnin jihar Ohio, da matarsa da 'ya'ya uku, kuma daga 2004 har 2021 gyaran injina yake yi a wata masana'anta mai yin kayan mota. Ba za a faɗi sunansa ba, ba za a faɗi na kamfanonin da ya yi hulɗa da su ba, yawancin alƙaluman kuma an daidaita su zuwa ɗari mafi kusa.

Ga wanda bai san yadda fanshon can yake ba, ban da ɗan abin da gwamnati ke biyan tsofaffi, yawancin ma'aikatan kamfani da kansu suke tara kuɗin tsufa a wani asusu da ake ce wa 401(k). Ana cire wani kaso daga albashinka kafin a sa masa haraji, kamfani ma ya ɗan ƙara nasa, sai a zuba kuɗin a hannun jari da takardun bashi. Sharaɗin dai ba ka taɓawa sai ka kai shekara 59 da rabi, in ka ɗiba kafin nan za ka biya harajin da aka ɗaga maka, ga tarar kashi 10 cikin ɗari a kai.

Abu biyu ne suka hana shi sukuni da wannan asusun. Na farko ya daɗe yana cin sa a rai, wato wani ɓangare na kuɗin yana cikin takardun bashi masu kuɗin ruwa, shi kuwa mutum ne mai tsantseni a wannan fannin. Na biyu kuma korona ce, tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris 2020 babban ma'aunin kasuwar hannun jarin Amurka, S&P 500, ya zube da kusan kashi 34 cikin ɗari, yana kallo a waya asusunsa ya sauko daga wajen dala 170,000 zuwa 125,000 cikin wata guda. Kasuwar ta farfaɗo kafin ƙarshen Agustan shekarar, amma shi zuciyarsa ba ta koma ba. Maganar da ya riƙa yi kenan, wai yana son dukiyar da zai je ya tsaya a gabanta ya dafa bangonta.

## Yuni zuwa Agusta 2021: sauya wa kuɗin mazauni

A watan Yunin 2021 ya bar masana'antar ya koma wani aikin, wannan ne ya ba shi damar kwashe kuɗin 401(k) ɗin ya mayar asusun tsufa na ƙashin kansa, wanda ake kira IRA, tsarin da aka ƙirƙiro tun dokar fansho ta 1974. Kuɗin a lokacin sun kai dala 201,000. A wani bidiyo na YouTube ya fara jin cewa IRA na iya sayen gida, kuma gaskiya ne, dokar haraji abubuwa kaɗan ta hana asusun mallaka, kamar inshorar rai da kayan ƙawa irin su zane-zane da dardumai da duwatsu masu daraja, gida da fili ba sa cikin jerin.

Kar a haɗa wannan da abin da hukumar fansho ta PenCom ta fito da shi a Najeriya a Satumban 2022, inda ma'aikaci zai iya ɗaukar har kashi 25 cikin ɗari na asusun fanshonsa ya biya kafin alƙalami na bashin gidan da shi zai zauna. Na Amurka akasin haka ne, gidan da asusun ya saya kai ne mutum na farko da aka hana kwana a ciki.

Gwajinsa na farko bai yi ba. Ya kira babban kamfanin hannun jarin da ya buɗe IRA ɗin a wurinsu, suka ce su ba sa riƙe gida. Wani abokin aikinsa ya ce masa ai ba sai ka tambaye su ba, ka sa su tura kuɗin wurin masu rajistar gidan kawai a rubuta sunan asusun a takarda. Allah ya taimake shi ya fara tuntuɓar wata akanta, 'yar zangon Kumasi ce da ke yi wa jama'armu da dama takardun haraji a garin, ita ta ba shi labarin wata shari'a da kotun harajin Amurka ta yanke a 2014, wani mutum ya yi daidai wannan dabarar, ya tura dala 114,000 ya sayi fili a jihar Utah alhali kamfanin da ke riƙe asusunsa ba ya karɓar fili, kotu ta ce kuɗin nan cire su ya yi, ya biya haraji.

Don haka a watan Agusta ya buɗe asusu a ɗaya daga cikin kamfanonin riƙon amana da suka ƙware a irin wannan, aka tura kuɗin kai tsaye daga kamfani zuwa kamfani ba tare da sun biyo ta hannunsa ba. Wannan ma da dalili, in kuɗin 401(k) suka fito da sunanka ana riƙe kashi 20 cikin ɗari na haraji nan take, kuma kwana 60 gare ka ka mayar da su cif-cif har da wanda aka riƙe. An yi masa tayin ya kafa ƙaramin kamfani mallakar asusun wanda zai riƙa rubuta cek da kansa, ya ƙi saboda kuɗin kafawa. Abin da ya sa hannu a kai ya ce ƙarara kamfanin riƙon ba ya duba ko cinikin da za ka yi mai kyau ne ko na halal a doka, ajiya da sa hannu kawai ne aikinsu.

## Gidan Kano da ba a saya ba

Niyyarsa ta asali ba ma a Ohio take ba. So yake ya sayi gida a Kano, Hajiyarsa ta zauna a ciki yanzu, in ya yi ritaya ya dawo ya same shi, har ya riga ya faɗa wa yayansa ya fara cigiya wurin dillalai.

Akantar ce ta tsayar da shi. Sashe na 4975 na dokar harajin Amurka ya lissafo mutanen da asusun ba zai yi kowace irin hulɗa da su ba: kai mai asusun, matarka, iyayenka da kakanninka, 'ya'yanka da jikokinka, da matan ko mazajen 'ya'yan. Ba za su saya daga asusun ba, ba za su sayar masa ba, ba za su ba shi bashi ba, ba za su zauna a gidansa ba ko da za su biya haya fiye da ta kowa. In aka karya, ba tarar wannan cinikin kaɗai ake yi ba, asusun gabaɗaya ne ake ɗauka ya daina zama na fansho tun daga 1 ga Janairun shekarar, a lissafa duk abin da ke ciki a matsayin kuɗin da ka samu a shekara guda. Yadda ta kwatanta masa shi ne, Alhaji ka ɗauki kuɗin nan tamkar dukiyar maraya a hannun waliyyi, kai ke juya ta amma ba ka ci, ba ka ciyar da naka, kuma ba ka cuɗa ta da ta aljihunka.

Dokar ba ta hana sayen gida a wata ƙasa ba, sai dai kamfanin riƙon ya ce sai takardar mallaka ta fito da sunansu a madadin asusun, haya kuma ta riƙa shigowa hannunsu, abin da a Kano yana nufin neman amincewar gwamna a kan satifiket mai ɗauke da sunan wani kamfanin Amurka. Ko da an iya wannan, Hajiya dai ba za ta shiga ba. Da ya kira gida ya yi bayani yayan nasa bai gane ba, cewa ya yi to kai da kuɗinka a ce ba za ka sa mahaifiyarka a gida ba, wace irin doka ce wannan. Ya ce Yaya ka yi haƙuri, kuɗin sunana ne a kai amma ba su zama nawa ba tukuna. Maganar Kano a nan ta mutu, daga baya da albashinsa ya gyara wa Hajiya gidan da take ciki.

## Oktoba 2021: an sayi gida

Shekarar 2021 kasuwar gidaje a Amurka ta yi zafi sosai, kuɗin ruwan bashin gida ya sauko wajen kashi 3 cikin ɗari kowa na rububi. Gidan farko da ya taya ya kuɓuce masa, mai gidan na son kafin alƙalami cikin kwana biyu, shi kuma ba shi da ikon ba da ko dala ɗaya daga aljihunsa, dole kamfanin riƙo ne zai tura, su kuwa sai da suka yi kwana biyar na aiki.

Na biyu ya samu, tsohon gida ne mai ɓangare biyu kowanne da ɗakin kwana biyu. Farashi dala 172,000, kuɗi hannu ba bashi. Kuɗin rajista da na mai duba gini da sauransu 4,500. Gyaran farko, fenti da dabe da wayoyin lantarki, 11,000. Abin da ya rage a asusun 13,500, wato kusan kashi 7 cikin ɗari na abin da aka fara da shi. A takardar gidan sunan kamfanin riƙo ne a madadin asusunsa, shi iyakarsa ya rubuta ya karanta ya amince su kuma su sa hannu.

Gyaran nan ya ci masa rai, don aikin lantarkin da aka caje shi dubbai shi da kansa zai yi shi a Asabar biyu, amma aikin hannunka a gidan asusun ana ɗaukar sa hidima ce ka yi wa asusun, tana cikin abin da aka hana. Ya ɗauki ejan mai kula da gidajen haya a kan kashi 10 cikin ɗari na haya. Kowane ɓangare aka ba da shi dala 950 a wata. Lissafin da ya yi a takarda: haya 22,800 a shekara, harajin gida 3,100, inshora 1,400, ejan 2,280, kamfanin riƙo 600, ƙananan gyare-gyare 2,500, ya rage kusan 12,900. A ƙarshen 2021 kuɗin da ke asusun sun kai 16,000.

## Mayu zuwa Nuwamba 2022: ɓangare ɗaya ya tsaya

A watan Mayu mai hayar ɓangaren sama ya daina biya. Ejan bai kai ƙara da wuri ba, sai alkawari ake ta karɓa, ba a samu gidan ya dawo hannu ba sai Satumba. Lauya da kwashe shara da gyaran ɓarna sun ci 2,800. A cikin bazarar kuma tukunyar ruwan zafi ta mutu rufi ma ya fara yoyo, 6,000 suka tafi.

A nan wata shawara ta taso a gida. Babban ɗansa yana jami'a a garin yana biyan haya mai tsada a wani wuri, uwargida ta ce Alhaji ga ɗaki a zaune ga yaro na biyan bare, ya shiga mana ya riƙa biyan asusun. Hankali ya ɗauka, doka ba ta ɗauka ba, ɗa yana cikin jerin. Abin da ya ba su mamaki shi ne 'yan'uwa na ciki ɗaya da 'ya'yansu ba sa cikin jerin, wato ɗan yayansa da ke wata jiha zai iya kama hayar amma ɗan cikinsa ba zai iya ba, alhali a wurinmu duk 'ya'ya ne. Lauyan da suka tuntuɓa ya ce ko ɗan yayan ne sai an yi yarjejeniya a rubuce a farashin kasuwa ta hannun ejan, kuma in ya ƙi biya sai an fitar da shi kamar kowa, don sassauta masa na iya zama amfani da asusun don biyan buƙatar kanka. Ya san ba zai iya kai ɗan yayansa kotu ba, ya bar maganar.

Ɓangaren saman ya zauna ba kowa har sanyi ya shigo. Haya ta shekarar gabaɗaya 15,200 ta shigo maimakon 22,800. Zuwa tsakiyar Disamba asusun na da 13,000.

## 23 zuwa 27 ga Disamba 2022

Ranar 23 ga Disamba guguwar sanyin da ta rufe rabin Amurka ta iso Ohio, a Columbus sanyi ya kai wajen digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyos. Hitar ɓangaren sama a kashe take, ejan ya ce an bar ta a kunne, takardar kamfanin gas daga baya ta nuna ba haka ba. Ruwa ya daskare a cikin bututu ya fasa shi, da ya fara narkewa ranar 25 sai ya ɓalle ta cikin bango da silin ya sauko har kicin ɗin matar da ke haya a ƙasa.

Ta kira ejan ba a ɗauka ba, ranar Kirsimeti ce, sai ta kira shi. Ya je ya rufe babban famfon gidan, ga akwatin kayan aikinsa a bayan mota yana ganin inda bututun ya tsage, ya daure bai taɓa ba. Amma ya kira masu gyaran famfo na gaggawa, suka ce ba sa fitowa sai an ba da lambar kati, shi kuma a tsaye cikin ruwa da mata da yara biyu suna rawar sanyi bai yi wani dogon tunani ba ya karanto musu lambar katinsa na banki. Aikin dala 640 ne.

Ranar 27 ya ba akantar labari yana ganin ya yi abin kirki. Ta ce Alhaji ajiye wayar nan ka kira su yanzu-yanzu kar su ciri kuɗin. Biyan kuɗin gidan asusun daga aljihunka ana iya ɗaukar sa bashi ka ba asusun, kuma a 2013 kotun haraji ta rushe asusun wasu mutum biyu saboda kawai sun tsaya wa kamfanin da asusunsu ya mallaka lamuni a kan bashi, ko sisi ba su fitar ba. Lissafin da ta yi masa, in aka ce asusun ya rushe tun 1 ga Janairun 2022, dukiyar kusan 196,000 za a ɗora a kan albashinsa na shekarar, harajin tarayya da na jiha da tarar kashi 10 za su kai wajen dala 70,000, kuma kuɗin na cikin bulo da katako, sai dai a sayar da gidan a jiƙe.

Allah da ikonsa ofishin masu famfon na hutu, lambar kawai suka rubuta ba su cira ba. Aka soke, suka rubuta takardar biya da sunan asusun, kamfanin riƙo ya biya su a makon farko na Janairu.

## Janairu zuwa Mayu 2023: neman abin gyara

'Yan kwangila uku suka duba, mafi sauƙi ya ce 29,000, cire jiƙaƙƙen bango da silin, busarwa don kar ya yi fumfuna, sabbin bututu, dabe da kabad ɗin kicin. Kamfanin inshora ya ƙi biya, ya nuna sharaɗin da ke cikin takardarsu cewa ɓarnar daskarewa a wurin da ba kowa ba ta hau kansu sai in an bar ɗumi ko an tsiyaye ruwan bututu. Lauya ya ce ana iya bin ejan a kotu amma yarjejeniyar da aka sa wa hannu ta rage masa alhaki sosai, kuma kuɗin shari'ar ma daga asusun za su fito. Giɓin dai 16,000 ne, ga harajin gida na rabin shekara na tafe.

Abin takaicin, yana da fiye da haka a asusun ajiyarsa na banki, matarsa ma ta ce ga nata, duka biyun ba hali.

Ya nemi bashi. Asusun na iya cin bashi amma iri ɗaya tak, wanda in an kasa biya gidan kaɗai mai bashi zai kama ba zai bi mai asusun ba. Bankunan da ke ba da irinsa kaɗan ne, waɗanda ya samu sun ce kuɗin ya yi musu ƙanƙanta kuma ba sa karɓar gida mai ɓarna, ga kuɗin ruwa a lokacin ya ninka na 2021. Ƙari a kan haka duk ribar da ta fito daga ɓangaren da bashi ya ɗauka ana sa mata haraji a cikin asusun, da fom na musamman mai lamba 990-T. Shi dama don gudun ruwa ya shigo harkar, don haka ko da sun yarda da wuya ya karɓa.

Ya yi tunanin sayarwa yadda yake. Masu sayen gidajen da suka lalace suka taya 135,000 zuwa 140,000. Ya ƙi.

Abin da ya yi aiki hanya biyu ce, duka a cikin doka. Ta farko zubin shekara. Duk mai aikin albashi na iya zuba wani adadi a IRA kowace shekara, kuma a waɗancan shekarun wanda ya kai 50 ana ƙara masa dala 1,000. Na 2022 ga mai shekarunsa 7,000 ne, kuma ƙofar na buɗe har ranar rufe takardun haraji, 18 ga Afrilu 2023, na 2023 kuma 7,500. Bai zuba ko ɗaya ba a baya, don haka a Janairu ya zuba duka biyun, 14,500. Kuɗin aljihunsa ne dai, amma sun shiga ta ƙofar da aka yarda, sun zama na asusun kafin su je hannun ɗan kwangila. Wuce adadin kuma na jawo tarar kashi 6 cikin ɗari duk shekara har sai an cire.

Ta biyu akantar ce ta tono ta, ta tambaye shi ko ya taɓa yin wani aikin daban. Ashe tsakanin 2010 da 2014 ya yi aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya lokacin yana haɗa kuɗin makarantar ƙannensa, kuma can ma an buɗe masa 401(k) ya manta da shi. Aka bincika aka samu 8,700. Kuɗin da aka kwaso daga wani asusun fansho zuwa wani ba su da iyakar shekara, suka shigo a watan Fabrairu.

Jimilla 23,200 suka shiga. Aka raba aikin gida uku ana biya daki-daki, aka fara da kicin ɗin ƙasa, aka yafe wa matar dala 300 na kwanakin da ta yi ba ruwa. Ya sallami ejan ya ɗauki wani, da sharaɗi a rubuce cewa duk ɓangaren da ba kowa za a leƙa shi kowane mako a aiko hoto, kuma sabon ejan zai riƙe dala 1,500 na asusun a hannunsa don gaggawa, saboda kar a sake samun daren da sai katin mai gida. An sa na'urar da ke aiko saƙo a waya in ɗumin gida ya sauka. A watan Mayu aka ba da saman haya a 1,100.

## Inda lissafi ya tsaya a ƙarshen 2024

A 2023 haya ta kawo 19,900, kashe-kashe ban da babban gyaran 9,900, inshora ta tashi zuwa 1,900. Shekarar ta ƙare da 17,200 a asusun. A 2024 ɓangarorin biyu ba wanda ya zauna ba kowa, ƙasa 1,050 sama 1,150, haya 26,400, kashe-kashe 12,400 saboda harajin gida ya hau bayan ƙaramar hukumar ta sake kimanta gidaje a 2023. Kuɗi a asusun 31,200. Kimar gidan da aka miƙa wa kamfanin riƙo, wadda dole ne a bayar duk shekara don su kai rahoto ga hukumar haraji ta IRS, 218,000.

Wato dukiyar ta kai 249,200, abin da aka zuba kuma 224,200. Ƙarin 25,000 ne cikin shekara uku da 'yan watanni, kusan kashi 11 cikin ɗari, kuma in sayarwa za a yi sai an cire ladan dillali. A daidai wannan tsakanin S&P 500, duk da faɗuwar da ya yi a 2022, ya hau da fiye da kashi 25 cikin ɗari ko ba a haɗa da rabon riba ba.

## Yadda nake ganin lamarin

Gidan kansa ba shi da laifi, an saye shi a farashi mai kyau kuma 2024 ta nuna yana iya kawo 14,000 a shekara in komai na tafiya daidai. Inda aka kuskure tun ranar saye ne, da aka bar 13,500 kacal a gefe. Mai gidan haya na yau da kullum in rufi ya faɗo zai sa hannu a aljihu ko ya ranta wurin ɗan'uwa ko ya hau tsani da kansa, mai gidan da ke cikin IRA duka ukun an rufe masa ko an ƙuntata, don haka ajiyar da za ta ishi wancan ba za ta ishi wannan ba. Da gidan 140,000 ya saya ya bar 40,000 ko fiye a gefe, fashewar bututun da ta zama ɓacin rai na wata biyu kawai.

Kuma ina so a lura da abin da ya cece shi, don ba kowa ke da shi ba. Ya haura 50, yana da aikin albashi, bai riga ya yi zubin 2022 ba, abin ya faru a ƙarshen Disamba inda zubin shekara biyu suka haɗu a wata ɗaya, ga tsohon asusun da ya manta. Wanda ya riga ya yi ritaya, shi da matarsa ba mai albashi, ba ya da ƙofar zubin ma sam. Batun kati kuwa hutun Kirsimeti ne ya tsare shi, ba dabararsa ba. Ƙaramin kamfanin da ya ƙi kafawa da ya ba shi cek a hannu a daren nan, amma mutum mai saurin hannu da tausayi irinsa ina jin cek ɗin da ya fi jefa shi cikin haɗari, abin da ya fi dacewa da shi shi ne wanda aka yi daga baya, kuɗin gaggawa a hannun ejan.

Damuwarsa ta kuɗin ruwa damuwa ce ta gaske kuma ina girmama ta, sai dai ba lallai sai da gida za a magance ta ba, a Amurka akwai asusun hannun jari da ake tacewa bisa shari'a tun shekarun 1980, kuma IRA na yau da kullum na iya sayen su ba ejan ba bututu. Da ya raba, rabi can rabi nan, ko ya yi tarayya da wani wanda ba ya cikin jerin haramcin suka sayi gidan tare kowa da kasonsa, da bai ɗora guminsa na shekara 17 a kan rufi ɗaya ba. Ni dai duk ɗan'uwan da abin da ya tara kenan gabaɗaya, ba zan ce masa ya bi wannan hanyar ba, musamman in burinsa na can ƙasan zuciya shi ne iyali su amfana da gidan, don wannan burin ne dokar ta fi tsananta wa.

Akwai kuma abin da ke gabansa wanda bai warware ba. Zai kai 59 da rabi wajen 2030, daga nan tara ta faɗi amma haraji na nan, duk abin da ya fitar, kuɗi ne ko gidan kansa, za a lissafa shi kamar albashi, ba a sassauƙan farashin da ake sa wa ribar sayar da kadara ba, in ya karɓi gidan a shekara ɗaya harajin zai yi nauyi ƙwarai, sai dai ya riƙa karɓa kaso-kaso ana sake kimantawa. A shekara 75 dole ya fara fitar da wani adadi duk shekara ko yana so ko ba ya so. In kuma ta Allah ta kasance, fom ɗin magada da ya cike a kamfanin riƙo shi ake bi ba wasiyya ba, kuma 'ya'ya manya shekara 10 gare su su kwashe asusun. Fom ɗin da ya cike a 2021 sunan uwargida kaɗai ke kai, Hajiya na raye kuma tana da kasonta a rabon gado na Musulunci, yanzu haka yana zirga-zirga tsakanin malami da lauya kan yadda za a rubuta kason kowa a fom ɗin.